Abersoch: Ƙauyen da ake ƙirga kwanan baƙi

Da yawa daga cikinku kun san sunan Wales ne ta hanyar ƙwallo, ko dai saboda Gareth Bale, ko kuma saboda zuwan da ƙasar ta yi gasar cin kofin duniya a Qatar a 2022, karo na farko tun 1958. To idan kuka buɗe taswirar Birtaniya, ku duba yamma da Ingila, nan Wales take. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, tumakinta kuwa sun ninka mutanen kusan sau uku. Can arewa maso yammacinta akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku kamar an miƙa hannu, sunansa Llŷn. Can muka nufa, zuwa wani ƙauye mai suna Abersoch. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu ɗaya ba, amma irin matsalarsa ce ta sa gwamnatin Wales da ke Cardiff ta sauya dokokin haraji da na gidaje.

Tafiyar jirgin ƙasa ce, kusan awa biyar daga Birmingham. Jirgin ya bi ta Shrewsbury, ya ratsa tsakiyar Wales har garin Machynlleth, inda ake raba shi gida biyu, wasu taragu su nufi Aberystwyth, wasu su hau arewa. Wanda ya yi barci a taragon da ba nasa ba sai dai ya farka a wani gari. Ku riƙe sunan Machynlleth, domin a nan ne wani basarake mai suna Owain Glyndŵr, wanda ya yi wa Ingila tawaye tun daga 1400, ya kira majalisarsa a 1404. Za mu sake haɗuwa da sunansa nan gaba.

Daga nan layin dogo ya manne wa gaɓar teku, ruwa a hagu, duwatsu a dama. Mun haye doguwar gadar katako ta Barmouth da aka buɗe a 1867, mun wuce ƙarƙashin fadar dutse ta Harlech da Sarki Edward na Ɗaya ya gina a shekarun 1280, har muka kai Pwllheli, inda layin ya ƙare. Sauran kilomita 11 ɗin a bas muka yi su.

A cikin bas ɗin nan ne kunnenmu ya fara shaida mana cewa mun bar Ingila. Direba da fasinjoji suna hira da wani harshe da ba mu tsinci ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Sunansa Cymraeg, harshen mutanen Wales na asali, wanda ya riga Turanci zama a wannan tsibiri. A kan kwalta an rubuta ARAF da farin fenti, wato a rage gudu. Haruffan nan biyu, ll, da kuke gani a Llŷn da Pwllheli, sauti ɗaya ne: ka ɗora harshe kamar za ka ce "la", sai ka hura iska ta gefe. Ku gwada a aji, amma ba lokacin darasi ba. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne ke iya magana da harshen a duk Wales, kashi 17.8 cikin ɗari, alhali a 2011 sun kai kimanin 562,000. A gundumar Gwynedd kuwa, wadda Llŷn ke cikinta, kusan kashi 64 cikin ɗari ne. Nan ne cibiyar harshen, kuma a yawancin makarantun firamare na gundumar da shi ake koyarwa.

Kalmar "aber" na nufin bakin kogi, inda ya faɗa teku. Abersoch kenan bakin kogin Soch. Da can ƙauyen masunta ne. Yanzu wurin hutu ne na masu hali, yawancinsu daga Manchester da Liverpool da yankin Cheshire. A watannin Yuli da Agusta titunansa kan cushe da manyan motoci, tekun ya cika da ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, rairayin gaɓa ya cika da yara. A bakin rairayin akwai jerin 'yan bukkokin katako masu fenti kala-kala, waɗanda ake ajiye kujeru da kayan wanka a ciki. Ba a kwana a cikinsu, yawanci ba ruwa ba wuta, amma an sha sayar da guda ɗaya a kan kuɗin da ya haura fam 100,000. A wasu garuruwan Wales wannan kuɗi gida yake saya.

Mu da gangan muka zo a watan Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da duhu ke shiga tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Wanda ke son sanin mutanen da suka rage a gari, ya fita bayan faɗuwar rana ya ƙirga tagogin da ke da haske. Mun bi layi guda daga wannan kai zuwa wancan. Gidaje tsaf-tsaf, an gyara shinge, an ja labule, amma tsit. Sai ka wuce gida huɗu ko biyar kafin ka ga fitila ɗaya. Wasu shaguna sun liƙa takarda cewa sai bikin Ista za su buɗe. A jikin bango kusa da ƙofofi da yawa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, kamar kwaɗon jaka. Makullin gidan ne a ciki. Baƙo ya biya ta intanet, a turo masa lambobin sirri a waya, ya zo ya buɗe ya shiga, ya gama kwanakinsa ya mayar da makulli ya tafi. Mu ma a irin wannan gida muka sauka, kuma har muka bar ƙauyen ba mu ga fuskar mai gidan ba.

Gidajen nan masu duhu iri biyu ne, kuma sai an bambance su kafin a fahimci dokar. Na farko shi ne gida na biyu: wani mai kuɗi da ke zaune a birni ya saya don ya riƙa zuwa hutu da iyalinsa, sauran shekara a kulle. Mutanen wurin na kiransa "tŷ haf", gidan bazara. Na biyu shi ne gidan hayar kwana: ba hayar shekara ba, ana biya ne dare-dare ko mako-mako. Irin wannan haya ta daɗe a yankin, amma ta bunƙasa bayan zuwan manhajoji irin su Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008. Lissafin mai gida a fili yake. Abin da baƙi za su biya shi a mako ɗaya na Agusta kan iya fin abin da ɗan gari zai biya a wata guda. Me zai sa ya ba ɗan gari haya? Da annobar korona ta zo a 2020, mutanen birane suka yi ta neman mafaka a ƙauyuka, farashin gidaje ya ƙara tashi.

Wanda abin ya fi shafa shi ne matashin da aka haifa a ƙauyen. Aikin da ke akwai shi ne noma da kiwo, gini, aiki a otal ko gidan abinci, da share gidajen baƙi ranar da wasu suka fita wasu za su shiga. Albashin irin waɗannan ayyuka ba ya kai mutum ga samun bashin banki da zai sayi gida a Abersoch. Haya ma babu. Sai ya yi aure ya koma wani gari can cikin ƙasa, ko ya bar yankin gaba ɗaya, ya tafi da 'ya'yansa da harshensa.

Shi ya sa muka nemi a nuna mana makarantar. Ysgol Abersoch, ƙaramin gini ne na katako da aka buɗe a 1924, yana ɗaukar yara daga shekara 3 zuwa 8. A ƙarshen Disamba 2021 hukumar Gwynedd ta rufe ta. Ɗaliban da suka rage a lokacin ba su kai goma ba, aka mayar da su makarantar Sarn Bach da ke kusa. Hujjar hukuma ita ce kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi ya fi na sauran makarantu nesa ba kusa ba. Don a yi adalci, ba gidajen baƙi kaɗai suka jawo ba. Tunda makarantar ba ta wuce shekara 8, wasu iyaye tun farko sukan kai yaransu inda za su kammala firamare a wuri ɗaya. Amma ku kwatanta da ajinku, inda wataƙila kuka haura sittin, wasu ma a ƙasa suke zama. A can ga kujera, ga littafi, ga malami, yaran ne babu.

Wannan fushi ba sabo ba ne. A Disamba 1979 aka fara cinna wa gidajen hutu wuta da dare, kuma garin Nefyn da ke nan Llŷn na cikin wuraren farko. Wata ƙungiyar ɓoye da ta kira kanta Meibion Glyndŵr, wato 'Ya'yan Glyndŵr, basaraken nan na Machynlleth, ita ta ɗauki alhakin yawancin hare-haren. Daga lokacin zuwa farkon shekarun 1990 an kai hari kan gidaje sama da 200. Abin da wutar ta bari shi ne tsoro da baƙin jini. Jikokin wancan zamani wata hanya suka ɗauka. A 2020 mutanen Nefyn suka kafa wata fafutuka mai suna Hawl i Fyw Adra, ma'ana 'yancin zama a gida, suka yi tattaki a ƙafa har Caernarfon, inda ofishin hukumar gundumar yake.

To me doka ta ce yanzu?

A Birtaniya kowane gida na biyan harajin shekara ga hukumar yankinsa, wanda da shi ake kwashe shara, a gyara hanya, a tallafa wa makarantu da tsofaffi. Tun 2017 aka ba hukumomin Wales ikon ƙara wa gida na biyu haraji. Gwynedd ta fara da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a 2018, ta kai shi 100 a 2021, sannan 150 daga Afrilu 2023. Ga lissafi mai sauƙi: idan gidan ɗan gari na biyan fam 2,000, irinsa da ke hannun mai zuwa hutu zai biya wannan 2,000 ɗin da ƙarin 3,000, jimilla 5,000. Doka ma ta yarda a kai ƙarin har kashi 300.

Sai dai akwai wata kafa da masu wayo suka daɗe suna bi. Idan ka yi wa gidanka rajista a matsayin wurin kasuwanci, ka fita daga harajin gida ka koma harajin 'yan kasuwa. Su kuma ƙananan 'yan kasuwa ana yi musu rangwame, har wasu ba sa biyan ko sisi. A tsohuwar doka abin da ake bukata kawai shi ne gidan ya kasance a kasuwa kwana 140 a shekara, kuma a samu baƙi su kwana dare 70. Mutum zai ba da haya mako goma, ya more gidansa sauran lokaci, hukuma ta tashi a tutar babu, alhali motarta ce ke bin hanyar gidan kuma ita ke gyara ta. Daga Afrilu 2023 aka ɗaga ma'aunin: sai gida ya kasance a kasuwa kwana 252, kuma baƙi sun kwana a cikinsa dare 182. Rabin shekara kenan. Wanda bai kai ba ya koma harajin gida, kuma ƙarin nan na iya hawa kansa.

Wannan lamba, 182, ita ce ake ta jayayya a kanta. Ku ɗauki biro. Yuli da Agusta gaba ɗaya dare 62 ne. Ku ƙara hutun Ista, da hutun makarantu na tsakiyar zango, da na Kirsimeti, da ƙarshen makonni masu kyawun yanayi. Gida mai kallon teku a Abersoch zai iya kaiwa. Amma manomin da ke can cikin tuddai, wanda ya gyara tsohon rumbunsa ko garken shanunsa ya mayar ɗakin baƙi don ya cike giɓin da kiwon tumaki ya bari, wa zai zo masa a Nuwamba ana ruwa da iska? Shi ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne, da harshen Cymraeg yake mafarki. Gwamnati ta cire wasu irin waɗannan gine-gine daga ƙarin harajin, idan tun farko an ba da izininsu ne da sharaɗin ba za a zauna a ciki dindindin ba. Duk da haka ƙungiyoyin masu gidajen baƙi na cewa dokar na tilasta wa mutane karya farashi da hunturu don kawai su cika lamba, wasu kuma suna rufewa. Kuma idan sun rufe, mai shara da mai wankin zannuwan gado da mai gyaran famfo, duk 'yan gari, su ma abincinsu ya ragu.

Mataki na uku shi ya fi tayar da ƙura. A Oktoba 2022 Wales ta raba gidaje gida uku a dokar tsara gine-gine: gidan zama, gida na biyu, da gidan hayar kwana. Gwynedd ce ta fara amfani da wannan dama, inda ta ce daga 1 ga Satumba 2024 duk mai son mayar da gidan zama zuwa ɗaya daga cikin sauran biyun sai ya nemi izini. Abin mamaki, cikin masu adawa har da 'yan gari. Dalilinsu shi ne gidan nan shi ne dukiyarsu kaɗai, kuma idan aka kore masu saye daga birni darajarsa za ta faɗi, tsohuwar da ke son sayarwa ta koma kusa da 'yarta ita za ta yi asara. Suka tara kuɗi suka kai ƙara, kuma a 2025 babbar kotu ta ce an yi kuskure a yadda aka yi wa shugabannin hukumar bayanin dokar kafin su amince da ita. A shekarar ce kuma majalisar dokokin Wales ta zartar da wata doka da za ta sa a yi wa duk masaukin baƙi rajista, ta kuma ba hukumomi damar karɓar ɗan haraji a kan kowane dare da baƙo ya kwana.

A ganinmu, toshe waccan kafa ta haraji daidai ne. Gidan da ke cin moriyar hanya da fitilar titi ya kamata ya biya, ko a matsayin gida ko a matsayin kasuwa ta gaske. Inda muke da ja shi ne ɗora lamba ɗaya a kan ƙasa baki ɗaya, bakin teku da ƙungurmin ƙauye, kamar ranarsu ɗaya. Akwai kuma abin da haraji ba ya iya yi. Mun ga allunan "na sayarwa" a gaban gidaje da dama, alamar wasu masu gida na biyu sun gaji. Amma ko an rage wa gidan fam 500,000 kashi goma cikin ɗari, ya koma 450,000, malamar firamare da mijinta makanike ba su matso kusa da shi ba. Doka na iya fitar da baƙo daga gida, shigar da ɗan gari kuwa sai an gina gidaje masu araha, an kuma samar da aikin da ba ya mutuwa da shigowar sanyi. Hukumar Gwynedd ta ce kuɗin ƙarin harajin a harkar gidaje da taimakon marasa muhalli take zuba shi. Gwamnatin Wales kuma na da burin masu magana da Cymraeg su kai miliyan ɗaya nan da 2050, burin da zai yi wuya idan ƙauyukan da ake goyon yara da harshen suna komawa masaukin bazara.

Kafin mu kama hanyar dawowa mun tsallaka zuwa gaɓar arewa ta Llŷn, don ganin wani ƙauye da ya taɓa mutuwa murus. Sunansa Nant Gwrtheyrn, yana cikin wani kwari ƙarƙashin duwatsun Yr Eifl, kuma hanyar sauka tana da gangara da lanƙwasar da sai da muka riƙe kujera. A ƙarni na 19 ƙauyen masu fasa dutse ne. Daga nan ake loda duwatsu a jirgin ruwa a kai su shimfiɗa titunan Liverpool da Manchester, garuruwan da yau mutanensu ke sayen gidajen yankin. Da kasuwar dutse ta mutu, iyalai suka watse ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe suka fita a 1959. Rufin gidaje ya rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida.

Wani likita mai suna Carl Clowes, wanda ke aiki a ƙauyen Llanaelhaearn da ke kusa, shi ya jagoranci kafa wata gidauniya da ta sayi kangon a 1978. Aka gyara jerin gidajen ma'aikata, aka mayar da wurin cibiyar koyon harshen Cymraeg, aka fara darussa a 1982. Yanzu manya ne ke zuwa, ma'aikatan jinya, malamai, 'yan sanda, da waɗanda suka ƙaura zuwa Wales suna son jin abin da 'ya'yansu ke faɗa idan sun dawo daga makaranta. Su ma kwana suke biya, a ɗakunan da masu fasa dutse suka taɓa zama. Ranar da muka je ana yayyafi, kuma ta tagar wani aji mun jiyo wasu dattawa suna bin malama baki ɗaya, suna koyon ƙirga daga ɗaya zuwa goma.